Wushiryar da Aka Ce Ita Ta Kawo Miji

Jama'a ku gyara zama. Yau da baki mai tsami nake rubuto muku, amma zuciyata fes take. Sababbin zuwa, ga ni a taƙaice: ni ce auta a gidanmu, ina aiki a ofishin da ake amsa kiran masu ƙorafi kan layin waya, kuma ina da wushirya. In kun ce mene ne abin faɗa a wushirya, to ba ku san gidanmu ba ne.

A gidanmu wushiryata kadara ce ta dangi. Tun ina ƙarama in an yi baƙi, ba a cewa in kawo ruwa, cewa ake yi, "Auta, zo ki yi musu dariya." Yayata ta fi ni karatu, ta fi ni dogon hanci, ta fi ni iya girki, amma ni ake turowa falo. Shugabar wannan aiki kuwa ita ce Goggo, yayar Abba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta. Goggo mace ce mai turare da murya. In ta yi magana a ɗakinta, har maƙwabta sai sun rage rediyo. Ita ta fara cewa wannan 'yar tsagar da ke bakina za ta kawo mana miji na nuna wa sa'a, ta yi ta faɗa har kowa ya haddace.

Sai ga miji ya zo, kuma ta ƙofar da ta faɗa ya shigo.

Zan kira shi Mai Ƙarfe, don sana'arsa ke nan, yana da shagon ƙera ƙofofi da tagogi. Tagar kicin ɗinmu ya zo sauyawa. Ina tsaye ina riƙe masa igiyar awo, fensirin da ya maƙala a kunne ya faɗa cikin tukunyar da na jiƙa. Na fashe da dariya. Bawan Allah ya tsaya yana kallon bakina har ya manta lambar da ya auna, sai da ya sake. Taga ɗaya ce, amma sai da ya yi ta dawowa duba ta kamar mara lafiya. Daga nan aka karɓi lamba, aka fara gaisuwa, har maganar ta kai kunnen manya. A wayarsa "Wushirya" ya ajiye ni. Saƙonsa na safe kullum iri ɗaya ne: "Wushiryata ta tashi lafiya?" Ni kuma in narke kamar man shafawa a rana, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, wushiryar tana ƙara faɗi.

A da tsinken sakace ne kaɗai ke ratsa ta. Wata rana na ga tsinken ashana ya wuce ba tare da ya taɓa gefe ba. Daga baya muna shan lemo a ofis, robar zuƙar lemon ta shige tsakanin haƙoran ta zauna daram. Na yi dariya a gaban mutane, amma abin ya dame ni. Haƙorin dama ya fara karkata waje kamar yana fushi da ɗan'uwansa. In na gatsa tuffa sai in ji wani zafi can sama, kusa da hanci. Ga kuma fito. Ni da aikina magana ce daga safe har yamma, da abin kunne a kai, sai iska ta riƙa kufcewa ta tsagar. Wani tsoho ya kira don layinsa ya ɗauke, ina tsaka da yi masa bayani ya ce, "'Yata, wa ke kiran kare a kusa da ke?"

Abokiyar aikina da ke teburin gefena, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta ji. Ta kife kai a tebur tana dariya har mayafinta ya zame. Ni ma na yi, amma da na shiga banɗaki na tsaya gaban madubi na taɓa haƙorin da yatsa, sai na ji ya ɗan motsa. Nan dariya ta ƙare.

Na fara yawon neman magani ba tare da na faɗa a gida ba. Mai kemis na layinmu ya ba ni ruwan kurkure baki mai ɗanɗanon na'a-na'a, ya ce sanyi ne. A wajensa komai sanyi ne, ko ƙafa ka karye. Na je wani ɗan asibitin haƙori da ke saman wani shagon kayan gini. Mutumin ya leƙa bakina, ko hoto bai ɗauka ba, ya ce zai lafta ciko a gefen haƙoran biyu su yi faɗi su haɗe. Na ce, "To motsin fa?" Ya ce in sun yi faɗi za su daina. Na hango kaina da haƙora kamar ƙofar firji, na ce zan dawo, na sauko.

Rediyo ce ta kai ni wuri na uku.

"Wata mai gyaran gashi ce, tana saka ƙarfen haƙori, har da kala-kala. Zama ɗaya an gama. 'Yan mata duk can suke zuwa."

Shago ne mai labulen leda ruwan hoda, ga ƙarar injin busar da gashi, ga warin man farce. Wata yarinya na kishingiɗe a kujerar wankin kai, baki buɗe. Mai shagon na taunar cingam, ta ɗiga gam a kan ɗan ƙarfe, ta manna a haƙorin yarinyar. Na kalli kwalbar gam ɗin da kyau. Ita ce wadda ta gama manna wa wata farce da ita. Ɗan hantsakin da take riƙe da shi kuwa, a jikin zanenta ta goge shi.

"Ke ce ta gaba?" ta tambaye ni. "Buɗe mu gani. Kai! Wannan wushiryar za ki rufe? Wasu zuwa suke in buɗa musu."

"Yana daidaita haƙori da gaske?" na ce.

"Yana kyau a hoto dai."

Na ja hannun Rediyo muka fito, ko sallama ban yi ba. A bakin titi na yi mata tas. Ta ce ita taimako ta yi. Amma Allah ya saka mata, don kunyar abin ce ta sa ta yi ta tambaya har ta gano cewa likitocin haƙori ma kashi-kashi ne. Akwai masu cirewa da ciko, akwai kuma waɗanda suka ƙaro karatu na musamman a kan jera haƙora da daidaita su. Ni da nake ganin na waye, wallahi ban san da wannan ba.

Asibitin da muka samu a bene na biyu yake, ɗakin jira fari ƙal, da tankin kifi a kusurwa da wasu yara 'yan makaranta masu wayar ƙarfe a haƙora suna ta danna wayoyinsu. Na ji kunya, ni ce babba a layin. Likitar mace ce gajeriya, da tabarau a rataye a wuya, hularta mai zanen furanni. Ba ta ce wushiryata ta yi kyau ba. Ita ce mutum ta farko da ta leƙa bakina ba ta faɗi haka ba, har na ɗan ji haushi. Ta tura ni wani ɗaki na ciji wata 'yar roba, na'ura ta zagaya kaina, sannan ta juyo min da allon kwamfuta.

"Ga haƙoranki biyu na gaba. Ga saiwoyinsu. Me kike gani a tsakiya?"

Wani ɗan abu ne fari, kamar ƙwayar shinkafa, a kwance a karkace.

"Haƙori ne," ta ce. "Na ƙari. Wasu ana haihuwarsu da shi. Bai fito ba, ya kwanta cikin ƙashi tsakanin saiwoyin. Shi ya raba su tun kina yarinya. Yanzu ya fara danna saiwar na dama, kin ga nan inda ta ɗan cinye? Shi ne motsin da kike ji."

Wato abin da aka yi shekaru ana turo ni falo in nuna wa baƙi, wani ɗan haya ne da ya maƙale a ƙashina.

"Ba kowace wushirya ce haka ba," ta ƙara, kamar ta ji tunanina. "Da yawa lafiyarsu ƙalau, ba na taɓa su. Taki ce ke da dalili."

Ta yi min bayani dalla-dalla, ba gaggawa. Za a fara cire na ƙarin, a bari wurin ya warke. Sannan a manna 'yan ƙananan ƙarafa a kan haƙora, a ratsa siririyar waya. Wayar ba da ƙarfi take ja ba, a hankali take turawa, ƙashin da ke gaba yana ba da hanya, na baya yana cikewa. Shi ya sa ba a zama ɗaya a gama. Shekara ɗaya da wani abu, ko ya kusa biyu, ana zuwa lokaci-lokaci tana ɗaurewa. Bayan an cire ma akwai wata 'yar waya da za a bari a bayan haƙoran don kada su koma gidan jiya.

"In ban yi ba fa?"

"Ba zan ce miki gobe zai faɗi ba. Amma in aka bar shi yana cin saiwar, wata rana ba ni za ki nema ba, mai haƙorin roba za ki nema."

Na ce, "Likita, aure zan yi. Ba za a iya gyarawa a bar min tsagar ba?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Zan iya bar miki 'yar kaɗan, sai dai riƙe ta a wuri ɗaya ya fi wuya, ba zan yi miki alkawari ba. Amma tsaya. Mai auren ne ke so a bari, ko ke? Ke me kike so?"

Tunda nake ba a taɓa tambayata ba. Sai da na sauko daga benen, na tsaya jiran mota, amsar ta zo min da kanta, kuma ta ba ni tsoro: so nake a rufe. Na gaji da fito, na gaji da tsoron tuffa, na gaji da a gan ni a fara gaida bakina kafin a gaida ni.

A gida na sami Goggo a falo tana shafa mai a ƙafa, Umma na ninke wanki a kujera. Na nuna musu hoton a wayata. Umma ta ajiye rigar da ke hannunta, ta matso, ta yi salati a hankali. Goggo ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuskarta, ta juya ta sama da ƙasa.

"Ni ban ga komai ba sai hayaƙi."

"Ga shi nan, Goggo, ɗan farin."

"To a cire ɗan farin. Wa ya hana? Amma waya a baki? Rufe wushirya?" Ta tafa hannu. "Auta, kanki ɗaya kuwa? Abin da ya kawo mijin za ki toshe? Manyansa na shirin zuwa, ke kina shirin zama kamar kejin kaza?"

"Goggo, haƙorin motsi yake."

"Kowa haƙorinsa na motsi in ya sa masa ido! Ki bari a ɗaura, ki shiga ɗakinki, in ya so ki sa ƙofar gareji ma a bakin. Amma yanzu? Yaron nan da bakinsa ya faɗa min dariyarki ce ta kama shi."

Umma ta ce a hankali, "Yaya, lafiya ai ita ce gaba."

"Ke yi shiru, ke kika sangarta ta."

Abba da ya dawo aka kai masa ƙara, ya ce shi bai san kan haƙori ba, a yi abin da ya dace, ya shige ɗaki da jaridarsa. Abba ke nan.

An cire na ƙarin. Allura ce kawai ta yi zafi, sai kumburi na 'yan kwanaki da leɓena ya yi kamar an hura balan-balan. Mai Ƙarfe ya aiko da ayaba da madara da saƙo: "Allah ya ba Wushiryata lafiya. A kula min da ita, amanata ce." Na karanta, na kifa wayar a kan filo. Sau nawa na rubuta masa gaskiya ina gogewa? "Akwai maganar da nake so mu yi." In goge. "In babu wushiryar fa?" In goge. Ranar da na yi ta maza na tura, "Me ka fi so a jikina?" amsar ta zo kafin in ajiye wayar: "Ke ma kin sani," da hoton fuska mai dariya. Na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Ina son mutumin nan, jama'a. Ina son yadda yake goge hannu a wando kafin ya karɓi kofin shayi, da yadda yake sauraro da kai a sunkuye. Tsorona ɗaya, kada ya zama tsagar yake so, ni kuma rakiya na yi mata.

Da wurin ya warke, na karɓi ranar saka ƙarfe. Umma kaɗai na faɗa wa. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kar ki je ba, sai dai da safen ranar na tarar ta goge min doguwar rigata ruwan toka da mayafinta, ta rataye a ƙofa. Ina cikin ɗaura ɗankwali wayata ta yi ƙara, hannuna ba sarari, na danna lasifika. Muryar ma'aikaciyar asibitin ta cika ɗakin: "Muna tuna miki yau ne za a saka miki wayar haƙori." Na waiga. Goggo na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi.

Wanda ya san Goggo ya san shirunta ya fi faɗanta haɗari. Na suri jaka na fice.

An kwantar da ni a kujerar, fitila a fuskata. Likita ta sa min wata roba da ta bankaɗe leɓɓana gaba ɗaya, haƙora talatin da wani abu duk a waje, ko kalma ɗaya ba na iya furtawa. Ta wanke, ta busar, ta fara manna 'yan ƙarafan ɗaya bayan ɗaya tana haska musu wata shuɗiyar fitila. Babu zafi, sai ɗanɗano mai tsami. An yi rabin na sama ke nan na ji wata murya daga ɗakin jira, muryar da ko a cikin kasuwa ba zan ɓata ta ba.

"Ina take? Ku fito min da 'yata! Ga mijin da zai aure ta nan, shi zai faɗa da bakinsa!"

Wayata da ke kan cikina ta yi motsi. Likita ta dakata, ta dube ni ta saman tabarau. Na ɗaga wayar sama da fuskata.

"Ina waje tare da Goggo. Da gaske ne?"

Na rubuta, "Da gaske ne."

"Rufewa za a yi? Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Babu abin da ya shigo.

Likita ta ce a hankali, "Waɗanda na manna suna ciruwa, ba wuya. Bakinki ne. In tsaya, ko in ci gaba?"

Hawaye ya gangaro min ta gefen ido ya shige kunne. Na tuna da tagar kicin, na tuna da manyan da ake jira. Sannan na kai harshe na taɓa bayan haƙorin nan na dama, wanda ya yi shekaru ana danne shi ana yaba masa. Na ajiye wayar a kife, na nuna bakina da yatsa, na juya hannu alamar a ci gaba.

"Madalla," ta ce. Ta juya ga mai taimaka mata. "Ki ba Hajiya kujera da ruwa, ki ce mun kusa."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san an ratsa waya, an tambaye ni kalar 'yan robobin da za a ɗaure ta da su. Da na yi niyyar in ce fari don kada a gani. Da aka cire min robar baki na ce, "Shuɗi." Likita ta miƙo madubi. Leɓena ya ɗan turo, bakina cike da ƙyalli, wushiryar na nan tukuna amma an yi mata shinge. Ban yi kyau ba, gaskiya. Amma na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba, na abin da na zaɓa da kaina.

Na gyara mayafi na fita.

Goggo na zaune kusa da tankin kifi, ta yi kicin-kicin, ga robar ruwa ko buɗewa ba ta yi ba. Shi kuma yana tsaye da kayan aiki, rigar duk ɗigon walda, da alama daga shago ta ɗauko shi. Yaran da ke jira sun ajiye wayoyi suna kallon ikon Allah. Ban rufe baki da hannu ba. Na tsaya a gabansa na buɗe haƙora duka.

"Innalillahi," in ji Goggo. "Ka gani ko? Faɗa mata! Ka ce a cire!"

Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba fara'a. Sannan ya juya ga Likita da ta biyo ni.

"Ranki ya daɗe, a nuna min abin da aka gani."

Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta kai shi gaban kwamfuta, ta nuna masa tsohon hoton, ɗan farin da saiwar da ta cinye. Ya sunkuya, hannaye a baya, irin tsayuwar da yake yi in yana duba ƙofar da ta sauka daga saiti.

"Wato wannan ne ya tura wannan."

"Shi ne."

"In aka bar shi a karkace, nauyin cizo a kansa zai riƙa sauka."

"Ka gane ke nan."

Ya miƙe, ya sake matsowa kusa da bakina har na ji warin ƙarfe a rigarsa. Na riƙe numfashi ina jiran hukunci. Ya ce:

"Yana tsatsa?"

Likita ta yi dariya har da riƙe tebur. "Ba ya yi."

"Ko da ruwan zafi?"

"Ko da shi."

"To ƙarfe ne mai kyau." Ya ja numfashi, ya dube ni a ido, ya rage murya. "Ba zan yi miki ƙarya ba, zan yi kewarta. Ita na fara gani. Amma abin da ya ɓata min rai ba shi ne wannan ba. Haƙorinki na motsi kina jin zafi, ni kuma kullum ina turo miki saƙon a kula min da ita kamar sakarai. A bakin Goggo zan ji?"

"Tsoro na ji," na ce. Maganar ta fito da wani sabon sauti, waya na gogar leɓena.

"Tsoron me?"

"Kar ta tafi, kai ma ka bi ta."

Ya girgiza kai. "Wa ya taɓa auren rami?" Ya sosa ƙeya. "To yanzu da me zan riƙa kiran ki?"

"Ina da suna, Yallaɓai."

Wata yarinya mai jan roba a haƙora ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta zungure ta. Goggo ta miƙe tsaye, ta yafa gyale da ƙarfi.

"Au, haka za ka ce? Na ɗauko ka ka yi min maganin abu, ka zo kana tambayar tsatsa?"

"Goggo, ki yi haƙuri. In na sa an cire, haƙorin ya faɗi, da wane ido zan kalle ki?"

Ta yi tsaki ta yi gaba. Shi kuma ya tsaya ya sa Likita ta lissafa masa abin da aka hana ni: cingam, taunar ƙanƙara, gatsa abu mai tauri, yage leda da haƙori. Ya karɓi ɗan siririn buroshin da ake sakace wayar da shi yana jujjuya shi, wai yana da irinsa babba a shago.

A motarsa ta ɗaukar kaya muka dawo, Goggo a gaba, ni a baya kusa da akwatin kayan aiki. Haƙorana sun fara tsami kamar an ɗaure su da igiya, amma sai murmushi nake yi wa gilashi. Ya sauke mu, ya ce zai aiko da abu mai laushi. Kafin in kai ƙofar falo saƙo ya shigo: "Shuɗin ya yi miki."

Umma ta tare ni a tsakar falo, ta riƙe haɓata, ta juya fuskata dama da hagu. Idonta ya ciko, ta ce, "Allah ya sa a cire lafiya." Na shige ɗaki na zube a gado, ina jin kamar na ci jarrabawar da na fi tsoro.

Can sai ga Goggo ta turo ƙofa. Ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta saba ba. Muryarta ta sauka.

"Auta, ni ba ƙinki nake ba. Na ga yadda ake mayar da 'ya mace kan abin da bai kai wannan ba." Ta murza zoben hannunta. "Kuma akwai abin da na yi. Da safe, ba shi kaɗai na kira ba. Na kira mahaifiyarsa."

Na tashi zaune.

"Raina ne ya ɓaci. Na ce mata kina shirin lalata bakinki, amma zan hana. Ta ce gobe za ta zo ta gani da idonta." Ta ciro wani abu daga jakarta ta ajiye a cinyata. Takunkumin rufe hanci da baki ne, sabo a ledarsa. "Ki sa wannan. Mu ce mura kike yi. In ta tafi ma san dabara."

Na kalli takunkumin, na kalli Goggo. A karon farko na ga tsoro a fuskarta, sai ta ba ni tausayi. Na ɗauke shi na mayar mata cikin jaka, na ja zif ɗin da kaina.

"Goggo, mura ba ta shekara biyu."

Na tashi na buɗe durowar madubi, na fito da jan-bakina duka na baje su a kan gado. Na ture masu duhu gefe, na ture masu kalar leɓe. Na ɗauki wanda ya fi kowanne ja, wanda ko daga bakin ƙofar gida aka hango ni sai an kalli bakina, na miƙa mata.

"Duba min, Goggo. Wannan zai shiga da shuɗi?"